Hayar mota a garin bakin teku: abin da doka ke nema da abin da inshora ba ta biya

Wanda ya sauka garin bakin teku yana son ya zaga gari, ya leƙa ƙauyukan masunta da duwatsun da ke kewaye, hayar mota ta fi masa jiran bas. Sai dai kafin a miƙa masa makulli, ƙa'idoji iri biyu ne ke hawa kansa: dokar ƙasar da ya shiga, da yarjejeniyar da zai sa wa hannu a ofishin kamfani. Ta farko ɗan sanda ne ke tambayarta. Ta biyu kuwa aljihu ne ke jin ta.

A fara da lasisi. Lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa ba ya tsayawa shi kaɗai, rakiya yake yi wa lasisinka na gida, dole a nuna su tare. Kuma a ƙasar da ta ba ka lasisi ake yinsa, tun kafin ka tashi. Akwai na Yarjejeniyar Geneva ta 1949, mai aiki shekara ɗaya, akwai na Yarjejeniyar Vienna ta 1968, wanda kan kai shekara uku matuƙar na gida bai ƙare ba. Ba kowace ƙasa ce ta yarda da duka biyun ba. Japan na 1949 take karɓa, ka je mata da na 1968 ba za a ba ka mota ba. Shekaru kuwa galibi sharaɗin kamfani ne: da yawa ba sa ba wanda bai kai 21 ba, kuma suna ƙara kuɗi ga wanda bai kai 25 ba.

Inda aka fi samun rigima shi ne inshora. Wadda doka ta wajabta a mafi yawan ƙasashe ita ce mai biyan wanda ka yi wa ɓarna: mutumin da ka buge, ko motar da ka goga. Motar da kake ciki ba ruwanta da ita. Domin wannan kamfanoni ke sayar da abin da suke rubutawa CDW, wato alkawarin cewa idan motar ta lalace ba za su bi ka dukan kuɗin gyara ba. A lura, ba dukansa ba. Akwai wani adadi da aka rubuta wanda kai za ka biya tukuna, kuma shi ne dalilin da suke riƙe kuɗin jingina a katin bashinka har sai mota ta dawo lafiya.

Alkawarin nan yana da ramuka, kuma bakin teku ne ya fi jefa mutum cikinsu. Taya, gilashi, ƙasan mota da makulli sau da yawa ba sa ciki. Hawa rairayi ko bin hanyar da ba kwalta, yawancin yarjejeniyoyi sun hana shi ƙarara, wanda ya karya kuwa ya soke kariyarsa da hannunsa. Mutum ya ga fili fetal gaban ruwa ya shiga don ɗaukar hoto, taya ta nutse, teku ya cika ya taso, ruwan gishiri ya shiga inji: wannan asara tasa ce gaba ɗaya. A Iceland har inshora ta daban ake sayarwa don yashi da tokar aman wuta da iska ke watsa wa fenti. Haka ɗora mota a jirgin ruwa zuwa tsibiri, ko tsallaka iyaka da ita, sai da izinin kamfani, kuma gara ya zama a rubuce, domin "ai ma'aikacin ya ce ba komai" ba hujja ba ce ranar biya.

Direba ma haka. Wanda ba a rubuta sunansa a takarda ba, ko matarka ce ko ƙaninka, bai kamata ya riƙe sitiyari ba sai yarjejeniyar ta ambace shi. A ganina wannan ne sharaɗin da aka fi rainawa, alhali ɗan kuɗin ƙara suna bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da kuɗin gyara.

Sai tara. Kyamara lambar mota take ɗauka, takardar ta je wa kamfani, kamfani ya miƙa sunanka ga hukuma, ya kuma cire ladan wahalarsa daga katinka. Tsofaffin unguwannin biranen Italiya da yawa suna da alamar ZTL, inda baƙuwar mota ba ta shiga a wasu sa'o'i, kuma kowace shiga tara ce mai zaman kanta. Dokar ƙasar ta ba hukuma kwana 360 ta aika wa mazaunin ƙasar waje sanarwa, don haka takarda na iya iske mutum ya daɗe da komawa gida.

Ranar karɓa a zaga motar da ma'aikaci, a ɗauki hoton kowane ƙwarzane da ma'aunin mai, a sa ya rubuta su a takarda. Ranar maidawa a nemi rasit mai nuna an karɓe ta ba sabuwar ɓarna, sannan a duba kati bayan 'yan kwanaki a tabbatar an saki kuɗin jingina.