Wai mene ne algoridim ɗin nan da kowa ke ɗora wa laifi?

Shekaranjiya ƙanwata da ke sayar da turaren wuta da humra ta intanet ta same ni a gida, ko zama ba ta yi ba ta miƙo min waya ta ce "Yaya don Allah duba min, algoridim ya rufe ni, da in na sa hoto jama'a ke ta tambayar farashi, yanzu shiru kamar an yi ruwa an ɗauke." Na tambaye ta mene ne algoridim ɗin, ta ce ita dai ta san wani abu ne a cikin waya da ke hana a ga mutum. Ba ita kaɗai ba ce, kalmar ta shiga bakin kowa, masu bidiyo a TikTok, 'yan siyasa, har masu wa'azi, kuma yawanci ana faɗinta ne kamar sunan wani aljani. Ni kuwa rubuta manhaja ce sana'ata, kullum da shi nake wuni, shi ya sa abin ke damuna.

Algoridim ba komai ba ne illa jerin matakai da ake bi ɗaya bayan ɗaya don a gama wani aiki, a tsare ta yadda ko wa ya bi zai kai ga sakamako iri ɗaya. Ka tsaya gaban mai shayi a Kawo da safe ka lura da hannunsa, idan ka ce kauri zai ƙara madara, idan ka ce ba suga zai tsallake gwangwanin, idan ruwan bai tafasa ba zai jira. Idan kaza to kaza, in ba haka ba kaza. Wallahi rabin aikinmu ke nan, sai dai mu kwamfuta muke rubuta wa, ita kuma ba ta da hankalin mai shayi, abin da ka rubuta shi za ta yi ko da kuwa shirme ne.

Ita kanta kalmar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Daga sunan Muhammad bin Musa al-Khawarizmi ta fito, malamin lissafi da ya yi aiki a Baitul Hikma a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, wajen shekarar 820. Da Turawa suka fassara aikinsa zuwa Latin a ƙarni na 12 sai sunan ya koma Algoritmi a bakinsu. Littafinsa na Al-Jabr wal Muƙabala shi ya ba aljebra sunanta, kuma wani babban sashe na littafin a kan lissafin gado da wasiyya yake. Duk wanda ya taɓa zama gaban malami ana rabon gado, a fitar da bashi, a fitar da wasiyya, sannan a ba kowa kasonsa bisa ƙa'ida, to ya ga algoridim da idonsa.

Wanda ƙanwata ke kuka da shi kuwa shi ne mai jera abin da za ka gani in ka buɗe Facebook ko TikTok. Abubuwan da aka wallafa sun fi ƙarfin idonka, dole a zaɓa, sai manhajar ta ba kowanne maki: wa ya rubuta, kana yawan kula shi, mutum nawa suka yi sharhi, daƙiƙa nawa aka tsaya a kan bidiyon. Mai maki da yawa shi ke hawa sama. Kuma mutane ne suka zauna a ofis suka yanke nauyin kowane abu. A 2017 Facebook ya mayar da alamun nan na dariya, mamaki da fushi suna da nauyin danna laik sau 5, daga baya takardun da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar a 2021 suka nuna ma'aikatansu da kansu sun ga yadda hakan ke ɗaga rubutun da ke tunzura jama'a, har aka zo aka cire wa alamar fushi makinta. A Maris ɗin 2023 Twitter ma ya saki wani ɓangare na nasa algoridim ɗin a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, kowa ya karanta. Babu tsafi a ciki, lambobi ne da wani ya zaɓa.

Inda abin ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne tace rubutu, wato a gane zagi da barazana a cire. Na taɓa rubuta wa wata ƙungiyar matasa a nan Kaduna ɗan ƙaramin shiri da zai riƙa tare munanan kalamai a dandalinsu, don mu a garin nan mun san abin da magana ɗaya ke iya jawowa, wanda ya ga rikicin 2000 da na 2011 ba sai an ba shi labari ba, jita-jita kaɗan sai ka ga ana rufe shaguna a Kasuwar Bacci, na Sabon Tasha na kiran 'yan uwansa a waya yana tambaya ko lafiya. Da kyakkyawar niyya na jera kalmomi, ciki har da "kashe". Kwana biyu ba a yi ba ƙorafi ya cika min waya. Wanda ya rubuta ya kashe kuɗi da yawa a asibiti an tare shi, wadda ta ce a kashe fitila an tare ta, har wani bawan Allah da ke neman shawara don aurensa na neman mutuwa ya ce ba ya so ya kashe aurensa, shi ma an tare shi, wannan ya tsaya min a rai sosai. A gefe guda kuma masu habaici suna ta sheƙe ayarsu, mutum zai rubuta "mutanen can dai an san halinsu" ba ashar ko ɗaya a ciki, amma duk ɗan Kaduna ya san inda aka dosa.

Manyan kamfanoni ba jerin kalmomi suke amfani da shi ba yanzu, misalai suke tara wa na'ura masu ɗimbin yawa ta koyi bambancewa da kanta. To amma misalan na Turanci sun fi yawa nesa ba kusa ba, Hausa kaɗan ce, ga shi mu kuma kowa da irin rubutunsa, wani ya rubuta ƙasa, wani kasa, wani qasa, wani k'asa, alhali kasa ɗin ma tana iya zama maciji ko gazawa ko kasa tumatir a tire. Balle wasan Fulani da Barebari ko na jika da kaka, inda za a ce "zan yanka ka" ana dariya. Na'ura ba ta san taubashi ba.

Abin da na yi a ƙarshe, na hana shirin goge komai da kansa, sai dai ya ɗaga tuta ya tura wa admin, mutum biyu suka ɗauki nauyin dubawa, ɗaya a Tudun Wada ɗaya a Barnawa, da gangan muka yi haka don kowa ya san salon maganar ɓangarensa. Aikin ya ƙaru, wani lokaci har sha biyun dare suna karatu, amma rigima ta ragu.

Ita kuwa ƙanwata da na duba shafinta, ba wanda ya rufe ta. Hoto ɗaya take maimaitawa kullum da rubutu iri ɗaya, kuma tambayoyin kwastomomi na nan jibge ba amsa tun makon jiya. Na ce ta fara amsa su tukuna, sannan ta ɗauki ɗan bidiyo lokacin da take haɗa turaren a kasko, hayaƙi na tashi, ta faɗi abin da ta zuba da bakinta. Ta ce "To Yaya, amma kai za ka riƙe min wayar." Ranar Asabar muka sa.