Wuraren kamun kifi a duwatsu da hamadar yammacin Amurka

Yankin da ke tsakanin tsaunukan Sierra Nevada ta yamma da tsaunukan Rocky ta gabas, wato jihohin Nebada da Yuta da Arizona da Niyu Meziko, yana cikin wurare mafi ƙarancin ruwan sama a Amurka. Nebada ma ita ce kan gaba wajen fari a duk jihohin ƙasar. Duk da haka masu fatsa kan yi tattaki daga nesa su je can, galibi don wani kifi da ake kira tirawut, wanda ba ya rayuwa sai cikin ruwa mai sanyi. Abin da ya zaunar da shi a tsakiyar hamada shi ne dusar ƙanƙara. Tana taruwa a kan tsaunuka da hunturu, ta narke da bazara, ta gangaro ta cika koguna. Saboda haka kowane wurin kamun kifi a yankin yana rataye ne da yadda mutane suka raba wannan ruwa tsakanin gona da birni da tabki.

Tabkin Pyramid

Idan baƙo wuri ɗaya kawai zai iya zuwa, nan ya kamata ya nufa. Tabkin yana da nisan kimanin kilomita 60 arewa maso gabas da birnin Reno na Nebada, a cikin ƙasar ƙabilar Paiute, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin Amurka. Ragowa ne na wani makeken tabki mai suna Lahontan, wanda ya mamaye wannan yanki sama da shekaru dubu goma da suka wuce kafin ya ƙafe. Kogin Truckee ne ke ciyar da shi. Yana fitowa daga Tabkin Tahoe a can saman tsaunuka, ya yi tafiyar kilomita 195, ya ratsa Reno, ya ƙare a nan. Ruwan ba shi da mafita zuwa teku, kamar dai yadda Shari da Komadugu Yobe ke ƙarewa a Tabkin Chadi. Rana ce kawai ke shanye shi, shi ya sa yake da ɗan gishiri. A 1844 ne mai binciken ƙasa John C. Frémont ya raɗa masa wannan suna, saboda wani dutse da ya gani a cikinsa mai siffar dala irin ta Masar.

Kifaye biyu ne suka yi suna a tabkin. Na farko shi ne cui-ui, wanda babu shi a ko'ina a duniya sai nan. Mutanen wurin suna kiran kansu da sunan da ke nufin masu cin cui-ui, don a kansa kakanninsu suka rayu. An sa shi cikin halittun da ke dab da ƙarewa tun 1967, kuma baƙo ba shi da izinin kama shi. Na biyu shi ne tirawut ɗin Lahontan, mai jan zane a ƙarƙashin haɓa kamar an yanka shi. A 1925 wani ɗan ƙabilar ya kama guda mai nauyin kilo 18.6, kuma har yau shi ake ƙirgawa a matsayin mafi girma a irinsa.

A lokacin da aka yi wannan kamu, an riga an yi wa tabkin illa. A 1905 aka gama madatsar Derby a kan Truckee, aka karkatar da kaso mai yawa na ruwan zuwa gonakin da ke kewayen garin Fallon. Tabkin ya ja baya da mita ashirin da ɗoriya. Bakin kogin ya cike da yashi, kifi ya kasa hawa ya zuba ƙwai, kuma tirawut ɗin ba ya hayayyafa sai a ruwa mai gudu. Tabkin Winnemucca da ke maƙwabtaka ya bushe ƙurmus. Zuwa farkon shekarun 1940 babu sauran tirawut ɗin asali a Pyramid. Asara ce babba, kuma waɗanda suka fi jin ta su ne mutanen da aka ɗebe ruwan daga ƙasarsu.

Daga baya aka riƙa zuba danginsa da aka kawo daga wasu tabkuna, amma ba su kai girman na da ba. Sai a ƙarshen shekarun 1970 aka ci karo da wasu ƙananan kifaye a wani ɗan rafi da ke dutsen Pilot Peak, a kan iyakar Nebada da Yuta. Masanin kifi Robert Behnke ya yi zargin cewa jikokin na Pyramid ne, da wani ya kai can tun kafin su ƙare. Gwajin ƙwayoyin gado da aka yi, inda aka kwatanta su da tsofaffin kifayen da ke ajiye a gidajen tarihi, ya gaskata shi. A 2006 aka fara mayar da su gida. Cikin 'yan shekaru masu fatsa suka fara jawo kifi mai kilo tara zuwa sama, kuma a 2014 aka ga sun sake hawa Truckee suna zuba ƙwai da kansu.

Yadda ake kamun a nan ba a cika ganin irinsa a wani wuri ba. Bakin tabkin ba zurfi, sai an yi 'yar tafiya cikin ruwa ƙasa ke zarcewa ƙasa kwatsam, kuma a gefen wannan gangare kifin ke kiwo. Don haka mutum kan ɗauki tsani ya shiga ruwa har ƙugu, ya kafa shi cikin yashi, ya hau ya tsaya. Da asubar hunturu za ka ga layin mutane a kan tsani, kowa ya duƙunƙune cikin kayan sanyi, iska na kaɗa igiyar ruwa tana dukan ƙafafunsu, ga tsaunuka tsirara ba ko bishiya a bayansu. Masu zuwa kullum sun fi son ranar da iska ta tashi, domin a ruwa mai kwanciya kifin ba ya matsowa.

Lasisin jihar Nebada ba ya aiki a nan. Takardar izini daga hukumar ƙabilar ake saye. Lokacin kamun tirawut yakan fara ran 1 ga Oktoba ya ƙare ran 30 ga Yuni. An hana koto na gaske kamar tana, sai na ƙarya, kuma dole a danne ɗan haƙorin ƙugiya don a iya sakin kifi ba tare da an yaga masa baki ba. Akwai sassan tabkin da aka rufe wa baƙi, har da tsibirin Anaho inda tsuntsayen kwasakwasa ke sheƙa.

Ƙasan madatsun ruwa

Kashi na biyu na wuraren da baƙi ke zuwa madatsu ne suka haifar da su. Babbar madatsa kan saki ruwa ne daga can ƙasan tafki, inda rana ba ta kaiwa. Kogin da a da yake ja, mai laka da ɗumi, sai ya koma garau mai sanyi rani da damina.

Lees Ferry a arewacin Arizona shi ne babban misali. Bayan an tare Kogin Kolorado da madatsar Glen Canyon a 1963, aka zuba tirawut mai launin bakan gizo a kimanin kilomita 25 da ke ƙasanta. Yawancin wurin sai da jirgin ruwa ake shiga, tsakanin jajayen bangayen dutse masu tsayin ɗaruruwan mita. Sai dai sanyin da ya yi wa baƙon kifi daɗi ya takura wa kifayen asali na kogin, waɗanda suka saba da ɗumi da laka. Yanzu kuma fari ya juya al'amarin. Da Tafkin Powell, wato ruwan da madatsar ta tara, ya ragu sosai a 2022, ruwan da ke fita ya yi ɗumi, wani kifi mai cin sauran kifaye ya bi ta madatsar ya fara hayayyafa a ƙasa, abin da ya tayar da hankalin hukumomi.

A Niyu Meziko akwai Kogin San Juan, ƙasan madatsar Navajo da aka gama a 1962, kusa da garin Farmington. 'Yan kilomitocin farko cike suke da kifi, amma kifi ne da ya ga ƙugiya iri-iri, don yawanci sakinsa ake yi bayan an kama. Ƙwaron ƙarya da ake ƙulla masa da zare da gashin tsuntsu bai kai ƙwayar shinkafa ba. A Yuta kuwa Kogin Green ne, ƙasan madatsar Flaming Gorge. Kilomita goma sha ɗaya na farko, daga madatsar zuwa wurin da ake kira Little Hole, ruwan garau yake har mutum na cikin kwalekwale yana hango kifi a ƙasa.

Saman tsaunuka da manyan tafkuna

Wanda ke da ƙarfin tafiyar ƙasa yana iya hawa tsaunukan Uinta a Yuta, inda akwai ƙananan tabkuna sama da dubu. Da yawansu mota ba ta kaiwa, don haka da jirgin sama ake zuba musu 'ya'yan kifi, a sako su daga sama su faɗa ruwa. Kifin nan ƙanana ne, kuma ƙanƙara ba ta barin hanya sai 'yan watannin zafi. A tsaunukan White na Arizona akwai tirawut ɗin Apache, mai ruwan zinariya, wanda aka cire daga jerin masu fuskantar barazana a 2024 bayan shekaru ana aikin ceto shi, aikin da ƙabilar Apache ta wurin ta fara.

Manyan tafkunan Mead da Powell da ke kan Kogin Kolorado na kifin ruwan ɗumi ne, kuma sai da jirgi ake jin daɗinsu. Kowace jiha da lasisinta, baƙo kuma ya fi ɗan jiha biya. Tun da aka gano wani ƙaramin dodon koɗi mai toshe bututu a Tafkin Mead a 2007, ana tsayar da masu jan jirgi a hanya a duba, a tabbatar sun wanke shi ya bushe kafin su sa shi a wani ruwan.

Tsofaffin littattafan jagora na baƙi sukan ambaci Tabkin Walker, kudu da Pyramid, shi ma ragowar Lahontan ne kuma a da ana kama manyan tirawut a cikinsa. Noman rani ya shanye kogin da ke ciyar da shi, gishiri ya yi yawa, zuwa wajajen 2010 kifin ya ƙare. A yanzu ana sayen haƙƙin ruwa daga manoman da suka yarda su sayar, ana sakin ruwan ya gangara tabkin.