Ƙarfen jan jiki

Ƙarfen jan jiki sandar ƙarfe ce da ake kafawa a kwance sama da kai, mutum ya kama ta da hannu biyu ya ja jikinsa har haɓarsa ta wuce ta. Atisayen yana gina faffaɗan naman baya, da damtse, da ƙarfin riƙo. Ana danganta yaɗuwarsa a wasannin motsa jiki ga Bajamushe Friedrich Ludwig Jahn, wanda ya buɗe filin atisaye a Balin a 1811. Ƙarfen gasar zamani kaurinsa milimita 28 ne, tsawonsa mita 2.4.

Idan mai atisaye ya saba da nauyin jikinsa, yakan ƙara kaya: faifan ƙarfe da ake ratayawa a ƙugu da sarƙa, ko jakar goyo cike da yashi, ko sumunti da aka daskarar a gwangwani, irin wanda 'yan ɗaga ƙarfe na unguwa suka saba haɗawa. A nan ne zaɓen ƙarfe yake zama abin lura. Mai kilo 75 da ya rataya kilo 25 ya ɗora wa ƙarfen kilo 100 yana rataye ba motsi, kuma duk fizga ko saukowa da sauri tana ƙara abin da ƙarfen yake ɗauka fiye da haka.

Ire-irensa

Akwai na bakin ƙofa, da na bango, da mai ƙafafu. Na ƙofa, musamman wanda ake murɗawa ya tokare gefe biyu, matsi kaɗai ke riƙe shi, don haka bai dace da ƙarin nauyi ba. Mai ƙafafu yana cin wuri, yana kuma rawa idan gindinsa ba shi da faɗi.

Na bango shi aka fi so, amma ƙarfinsa na bangon ne. Da wuya sandar kanta ta karye. Abin da yakan saki shi ne noti ko walda. A Katsina yawancin sababbin gidaje da bulo mai rami aka gina su, inci 6 ko inci 9, kuma notin da yake buɗewa a cikin rami ba ya samun abin kamawa sosai a fatar bulo. Mafita ita ce a kafa a linta ko ginshiƙin kankare, ko a huda bangon gaba ɗaya, a zura dogon noti, a tare shi da faifan ƙarfe ta baya. Gwargwadon nisan sandar daga bango, gwargwadon yadda take fizgar notin da ke sama. Tsofaffin gidajen ƙasa na cikin birni kuwa, a Katsina ko Daura, ba a ma fara wannan magana. Tubali ba ya riƙe noti, azara kuma ba don haka aka jera ta ba.

Ga mai tsakar gida, babu kamar turaku biyu na bututu mai kauri da aka binne a rami aka zuba musu kankare, a bar shi ya yi aƙalla mako guda kafin a hau.

Sandar kanta

Kaurin da ya fi zama a tafin hannu shi ne tsakanin milimita 28 da 34. Bututun ruwa na ƙarfe da ake kira mai inci ɗaya, kaurinsa ta waje ya ɗan haura milimita 33, shi ya sa masu walda kan yi aiki da shi. Sai dai a duba kaurin bangon bututun, domin akwai mai fatar albasa da ke lanƙwasa. Rodin gini, duk da araharsa, tsagarsa na yaga hannu. Sandar da ke juyawa a mazauninta tana kwance riƙo, dole a daskarar da ita. Tsayin da ya dace shi ne wanda mai shi zai taɓa da ɗan ɗage, a kuma bar sarari sama saboda kai.

Kulawa

Wanda aka kafa a waje yana fama da rana da ruwa. A bazara, lokacin da zafin Katsina ke kai digiri 40, sandar ba ta kamuwa da tsakar rana. Da damina kuma tsatsa kan fara daga bakin walda, don haka ake shafa fenti a toshe bakunan bututu. Kafin a hau sabon ƙarfe, ana gwada shi da mataccen nauyi: buhun sumunti kilo 50 ne, sai a rataya uku da igiya kusa da ƙasa, a duba ko bango ya tsage ko noti ya motsa.