Mene ne "Zon 2" da ya cika bakin masu agogon motsa jiki?

Tun da agogon motsa jiki ya yi araha, ga kuma gudun fanfalaki na Riyad da aka fara a 2022 ya sa samari sayen takalmin gudu, kalma ɗaya ta cika bakin mutanenmu na Jidda da Makka: Zon 2. A mamshar Kornish, wato hanyar masu tafiya a ƙafa ta bakin tekun Jidda, bayan Isha za ka ji ta, a rukunin WhatsApp na unguwa za ka gan ta. Masu bidiyon ba da shawarar lafiya ma sun ɗauka, har akwai mai faɗa da ƙarfin gwiwa wai Zon 2 shi ne bugun zuciya 130 a minti, kada ka wuce, kada ka gaza. Wannan magana tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Mai agogo ya riga ya san ana raba ƙarfin motsa jiki hawa biyar, na biyun kuwa shi ne gudun sassarfa marar wahala. Abin da ba a faɗa shi ne, waɗanda suka yayata kalmar ba lambar agogo suke nufi ba. Iñigo San Millán, masanin nan ɗan Sifaniya da ya horar da zakaran tseren keke Tadej Pogačar, maganar laktet yake yi, sinadarin da ke ƙaruwa a jini idan tsoka ta sha aiki: iyakar ƙarfin da za ka sa a aiki ba tare da laktet ɗin jininka ya haura kimanin milimol 2 a lita ba. Da ɗigon jini ake auna shi, a huda yatsa ko fatar kunne. Agogo ba ya ganin laktet. Kintace yake yi, kintacen ma a kan wani kintacen aka ɗora shi.

Ɗauki magidanci ɗan shekara 40. Agogo zai cire shekarunsa daga 220, ya ce ƙarshen bugun zuciyarsa 180 ne. Wannan lissafi tun wajen 1970 yake yawo, daga masana Fox da Haskell, kuma yakan kauce da bugu 10 zuwa 12, sama ko ƙasa. Idan agogon ya ɗauki kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na 180, kamar yadda agogon kamfanin Garmin ke yi in ba ka taɓa saitinsa ba, Zon 2 ɗin mutumin 108 zuwa 126 ne. Idan kuwa aka bi hanyar Karvonen, wadda ke la'akari da bugun zuciya lokacin hutu, a ce nasa 60 ne, sai Zon 2 ya koma 132 zuwa 144. Mutum ɗaya, zuciya ɗaya, lissafi biyu da ko gefensu bai taɓa juna ba, 130 ɗin malamin bidiyo kuma ta faɗa ramin da ke tsakani. Kamar hakan bai isa ba, masana irin su Stephen Seiler sukan raba hawa uku ne kawai, a wurinsu kuwa hawa na biyu shi ne tsaka-tsakin mai gajiyarwa da ake cewa a rage zama cikinsa.

To, a ce lissafin ya yi daidai. Lambar da ke fuskar agogon fa, daga ina ta fito? Juya shi ka ga koriyar fitilar da ke ƙiftawa a bayansa. Haske take harbawa cikin fata, ta duba yadda yake raguwa da ƙaruwa duk sanda jini ya wuce. Kana zaune, aikinta lafiya lau. Da ka fara gudu, hannu na lilo, gumi ya jiƙa madauri, agogo na tsalle a wuyan hannu da kowane taku, sai na'urar ta rikice tsakanin bugun jini da bugun ƙafa. Yawancin masu sassarfa suna taku 160 zuwa 170 a minti, lambar da ta yi kama da ta zuciya mai wahala. Sai agogo ya kama takun ya riƙe, ya rubuta 165 ya tsaya cak.

Za ka ga dattijo yana sassarfarsa cikin nishaɗi, numfashinsa kwance, har yana ba da labarin cunkoson hanyar Madina, sai agogo ya yi ƙara. Ɗan ƙanensa ya leƙa ya ce, "Kawu, ka fita Zon 2, ka rage." Kawu ya ce, "Ni fa ban ji komai ba, yaro." Duk da haka ya koma tafiya, yana kallon hannunsa da fargaba. Ƙafafunsa agogon ke ƙirgawa.

A nan ne na'urori biyun da ake haɗawa da agogo ta Bluetooth suke da amfani. Bel ɗin ƙirji, wanda kamfanin Polar na Finlan ya fitar da marar waya a 1982, siginar lantarkin zuciya yake ɗauka kai tsaye, ba ruwansa da lilon hannu. Sai dai a jiƙa bayansa kafin a ɗaura, in ba haka ba mintunan farko shirme zai rubuta. Ɗayar ita ce 'yar na'urar taku da ake maƙalawa a igiyar takalmi. Sa lambar taku da ta zuciya a fuska ɗaya. In ka ga suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, 166 da 166, ka ƙara taku ita ma ta ƙaru nan take, to ba zuciyarka kake karantawa ba. Zuciya takan ɗan jinkirta kafin ta biyo ƙafa. Wanda ba shi da kuɗin bel ya matsa agogon sama kaɗan da ƙashin wuyan hannu, ya ɗaure sosai.

Sai kuma zafi, wanda masu bidiyon da ke gudu a sanyin Turai ba sa kawowa. A Jidda cikin Agusta, da wannan damshin teku, jini yana karkata zuwa fata don sanyaya jiki, gumi yana rage ruwan jini, dole zuciya ta ƙara bugu a gudun da ka saba yi cikin Janairu. Mai azumin da ya fita kafin Magariba ma haka.

Ni dai ban raina Zon 2 ba. Gudu mai sauƙi na dogon lokaci yana gina jiki, ya kuma fi wa mai shekaru aminci. Abin da na ƙi shi ne a mayar da shi lambar da ake tsoratar da mutane da ita, alhali gwajin da masu horarwa suka daɗe suna amfani da shi kyauta ne: in kana iya magana jimla cikakkiya kana gudu, ko da ɗan nishi, kana wurin. Wanda zai kashe riyal, bel zai fara saye. Na'urar taku ta fi amfani ga mai gudu a kan inji cikin ɗakin motsa jiki lokacin bazara, inda GPS ba ya aiki.