Waiwaye: Legas da Tsarin Sababbin Garuruwa, Daga Surulere Zuwa Eko Atlantic

A 'yan shekarun nan, da wuya a yi taron gwamnati kan gidaje a Legas ba a ambaci sababbin garuruwa masu kiyaye muhalli ba: tituna da bishiyoyi, magudanan ruwa a ƙarƙashin ƙasa, wuta daga hasken rana, shara kuma a sarrafa ta. Buri ne mai kyau. Sai dai birnin ya kusa shekara ɗari yana zana sababbin unguwanni, kuma tarihin nan yana da abin faɗa wa Hausawan Agege da Idi-Araba da Mile 12.

Cuta ce ta fara tilasta tsarin. A 1924 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓarke a tsibirin Ikko, inda gidaje suka cushe, ruwa ya kwanta a lunguna. Turawan mulkin mallaka suka kafa hukumar raya birnin, LEDB, a 1928. Ita ce a shekarun 1950 ta rushe wani sashe na tsakiyar tsibirin, ta kwashe mazauna zuwa Surulere. Mutane sun yi kuka don an raba su da kasuwanninsu da danginsu, amma dai an gina musu inda za su shiga. A riƙe wannan, domin daga baya ba kullum aka yi haka ba.

Unguwar Festac ta zo a 1977, da layuka masu faɗi da filaye. Sai Lateef Jakande, gwamna daga 1979 zuwa 1983, ya gina rukunan gidaje masu sauƙin kuɗi a Amuwo Odofin, Iponri, Abesan da sauransu. A ganina, wannan ne lokacin da tsarin gari a Legas ya fi tunawa da malamin makaranta da ƙaramin ma'aikaci. Jirgin ƙasan cikin gari da ya ƙudurta kuwa, mulkin soja ya soke shi a 1985.

Maroko ce ta sauya komai. A watan Yulin 1990, zamanin gwamnan soja Raji Rasaki, aka rushe unguwar ƙurmus, mutum kusan 300,000 suka rasa matsuguni. Hujjar ita ce wurin kwari ne mai ambaliya, bai dace ɗan'adam ya zauna ba. Aka cike shi da yashi, yau yana cikin filaye mafi tsada a ƙasar nan. Ashe kwarin yana gyaruwa, sai dai ba a gyara shi don masu shi ba. Irin wannan ya sake faruwa a Otodo Gbame a 2016 da 2017, har kotu ta ce korar ta saɓa wa tsarin mulki.

Eko Atlantic, sabon birnin da ake ginawa kan filin da aka ƙwato daga teku, ita ce babbar alamar sabon salon, kuma ta cancanci a yi mata adalci. Tun farkon ƙarni na 20, katangun duwatsu da aka shimfiɗa a bakin tashar jiragen ruwa suka tare yashin da igiyar teku ke turowa daga yamma zuwa gabas. Bar Beach, gaɓar tekun Victoria Island, ta daina samun yashi, teku ya yi ta cin gaɓa, har ruwa ya riƙa hawa titin Ahmadu Bello Way. Kamfanin South Energyx, tare da gwamnatin jiha, ya yashe yashi daga cikin teku don ƙwato fili kimanin murabba'in kilomita 10, da katangar da aka tsara za ta kai kilomita 8.5. A Fabrairun 2013 Shugaba Jonathan da Gwamna Fashola da Bill Clinton na Amurka suka halarci bikin ƙaddamar da Eko Atlantic. Katangar ta kare Victoria Island, wannan ba musu. Amma mazauna gaɓar gabas, irin su Okun Alfa, sun daɗe suna kukan cewa teku ya ƙara matsa musu. Kuma birnin da aka tsara wa mazauna 250,000 bai yi tanadin mai gadin da zai tsare ƙofa, ko lebura da zai ɗauki siminti ba. Da yawan waɗannan 'yan'uwanmu ne daga Arewa, a kangwaye suke kwana, ko su yi doguwar tafiya kullum.

Yanzu hankali ya koma Lekki da Epe: yankin ciniki maras shinge, tashar jiragen ruwa da ta buɗe a 2023, matatar Ɗangote, da Alaro City da aka ƙaddamar a 2019. Matsalar ita ce yawancin yankin fadama ne, kuma fadama ita ke shanye ruwan sama. In an cike ta, ruwan ba ɓacewa yake yi ba, gidan maƙwabci yake nufa. Wanda ya ga Lekki a damina ta 2017, motoci sun nutse a ƙofar manyan gidaje, ya san haka.

Akwai abin yabawa. Motocin BRT tun 2008, jirgin Blue Line a 2023, da Red Line da aka buɗe a 2024, wanda ke ratsa Agege, sun fi kowace sabuwar unguwa amfani ga talaka, don suna rage hayaƙi da wahalar cunkoso tare. Haramta robobin abinci na soso a 2024 ma mataki ne, tunda su ke toshe kwatoci.

Abin da ke damuna shi ne waɗanda ke aikin kiyaye muhallin da hannunsu ba sa cikin zane. 'Yan bola jari da ke tsintar ƙarfe da roba a jujin Olusosun su ne ke sarrafa sharar Legas tun kafin a fara taruka a kai. 'Yan ga-ruwa na nan ne don famfon gwamnati bai kai yawancin gidaje ba. Ya kamata sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni su riƙa zuwa zaman jin ra'ayi kan taswirar kowane sabon gari, su tambaya: kashi nawa aka ware wa gidajen haya masu sauƙi, kuma ruwan fadamar da za a cike ina zai bi? Mutanen Isheri da Ajegunle ta hanyar Ikorodu, kusa da Mile 12, har yau ruwa na shiga musu ɗaki idan aka saki madatsar Oyan cikin kogin Ogun, kuma su ma suna buƙatar kasonsu a kuɗin da ake kashewa kan tsara gari.