Auna haske wajen ɗaukar hoton taurari da dare

Auna haske a hoton sararin samaniya shi ne daidaita abubuwa uku a kyamara: tsawon lokacin da ƙofarta za ta zauna a buɗe, faɗin ramin da haske ke bi ta cikin lensi, da ƙarfin ISO, wato yadda kyamara ke ƙarfafa hasken da ya faɗa kan sensa, ɓangaren da ke ɗaukar hoton. Na farkon ne ke da iyaka mai tsauri, domin duniya tana juyawa kimanin digiri 15 a kowace awa, don haka idan ƙofar ta daɗe a buɗe sai taurari su fito a matsayin gajerun layuka maimakon ɗigo.

Ƙa'idar da aka fi amfani da ita ita ce a raba 500 da lambar milimita da ke rubuce a jikin lensi, don samun yawan sakan da ƙofar za ta zauna a buɗe. Lensi mai milimita 20 a kan kyamara mai cikakkiyar sensa (babbar sensa da ake kira full-frame) yana ba da sakan 25, amma kyamarori masu yawan fiksel kan nuna taurari sun fara zama layuka tun kafin nan, shi ya sa gogaggu suke ragewa zuwa sakan 15 ko ƙasa. Taurarin da ke kusa da tauraron arewa, wanda a Makka yake bisa da kusan digiri 21 daga inda sama ta haɗu da ƙasa, suna tafiya a hankali, saboda haka wannan ɓangaren yana jure lokaci mai tsawo. Ramin lensi ana buɗe shi zuwa f/2.8 ko fiye da haka faɗi (ƙaramar lambar f tana nufin rami mai faɗi), ISO kuma yakan kasance tsakanin 1600 da 6400.

Ga Hausawa mazauna Makka, Jidda da Madina, fitilun birni da zafi ne ke rikita wannan lissafi. Hasken birni yana cika hoton da launin ruwan goro kafin ƙananan taurari su bayyana, kuma ƙara ISO ba ya magance hakan. Mafita ita ce nisa, kamar tsaunukan Ɗa'ifa ko hamadar Al-Ula. Zafi kuwa yana ƙara tsaki-tsaki a hoton, domin sensa mai ɗumi tana haifar da siginar da ba ta haske ba ce, abin da ya sa daren hunturu ya fi na bazara tsabta.

Kalandar Hijira tana taimakawa ƙwarai: kwanakin ƙarshen wata da na farkonsa su ne mafi duhu, yayin da daren 13 zuwa 15 farin wata ke dushe yawancin taurari. Allon kyamara yana yaudarar ido a cikin duhu, don haka jadawalin haske na histogiram, wanda ke nuna duhu a hagu da haske a dama, ne abin dogaro, kuma ya kamata tudunsa ya rabu da gefen hagu.