Sakin maganin cutar daji ta hanyar ɗumama ƙari

Wannan dabara ce ta jinyar cutar daji wadda ake ƙunshe magani a cikin wasu ƴan mitsi-mitsin ƙwallaye na maiƙo, a zuba su a jini, sannan a ɗumama wurin da ƙarin yake domin su saki maganin a nan. Manufar ita ce maganin ya taru a kan cutar, sauran jiki ya samu sauƙi. Har yanzu tana matakin gwaji.

Maganin da aka fi gwada ta da shi shi ne doksorubisin, ruwa ja kamar zoɓo, wanda ake yi wa masu sankarar mama ƙarin ruwa da shi a asibitocin Kano kamar sauran duniya. Duk wanda ya yi jinyar mai shan sa ya san halinsa. Fitsari kan yi ja na kwana ɗaya ko biyu, gashi ya zube, ga tashin zuciya. Babbar illarsa kuwa a zuciya take, shi ya sa likitoci ke lissafin jimillar abin da mutum ya karɓa a tsawon rayuwarsa, kada ya wuce iyaka.

Ƙwallayen sunansu lifosom. Faɗin ɗaya bai wuce nanomita 100 ba, sai an jera kusan dubu kafin su kai kaurin silin gashi. Aikinsu ya yi kama da na man shanu, wanda ke daskarewa a kwalba da hunturu, ya narke idan an ajiye shi a rana. Bangon ƙwallon a daskare yake a zafin jiki na yau da kullum, wato digiri 37 a ma'aunin Selshiyas. Idan ya bi jini ya shiga wurin da aka ɗumama zuwa digiri 41 ko 42, bangon sai ya fara narkewa, maganin ya tsiyaye cikin daƙiƙoƙi. Ɗumin kansa yana ƙara gudun jini a wurin, yana kuma sa ƙananan jijiyoyin ƙarin su ƙara yoyo. Mai karatu a Kano zai iya tambaya ko zafin watan Afrilu ba zai fasa ƙwallayen ba. Ba zai fasa ba, domin jiki yana riƙe zafin cikinsa komai rana. Zazzaɓi mai tsanani ne abin lura, tunda yakan kai digiri 40.

Milton Yatvin da John Weinstein da abokan aikinsu ne suka fara gabatar da tunanin a Amurka a 1978. Wajen shekarar 2000, David Needham da Mark Dewhirst na Jami'ar Duke suka fito da nau'in da ke buɗewa da sauri a ɗumi kaɗan, wanda kamfanin Celsion ya sa wa suna ThermoDox. An gwada shi a kan masu sankarar hanta 701, haɗe da allurar da ake sokawa cikin ƙari a ƙone shi da wutar lantarki, amma sakamakon da ya fito a 2013 bai nuna fifikon da ake nema a kan ƙonawar kaɗai ba. Aka sake wani babban gwaji, inda aka tsawaita ƙonawar zuwa aƙalla minti 45. Shi ma a 2020 an ga ba zai kai ga gaci ba. A tsakani, wani ƙaramin gwaji a Jami'ar Oxford ta Ingila, wanda aka wallafa a 2018, ya ɗumama ƙarin hanta na mutum 10 da sautin da ake tattarawa wuri guda daga wajen jiki, ba tare da tsaga ba. Bayan ɗumamawar, maganin da ya taru a ƙarin ya ninka kusan sau 3.7.

Ke nan ƙwallayen suna buɗewa, wahalar a ɗumamawar take. Dole zafin ya game ƙarin, ya kuma daɗe a lokacin da ƙwallayen ke yawo a jini. Hanta kuwa tana motsi da kowane numfashi, haƙarƙari yana tare sauti, jini yana kwashe ɗumin da ake sawa. Tsumman ruwan zafi ko gashi da dutse ba sa kai wannan ɗumi cikin jiki, fata kawai suke ƙonawa.

Batun ya shafi Kano ƙwarai, domin sankarar hanta na da alaƙa da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yaɗu a Arewa, da kuma gubar aflatoksin da ke fitowa a gyaɗa da masarar da suka yi hunhuna a ma'ajiya mai danshi. Sai dai babban gwajin farko an yi shi ne a kan ƙari mai faɗin santimita 3 zuwa 7. Abin tausayi, da yawa daga majinyatanmu ba sa zuwa asibiti sai ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, ƙarin ya riga ya wuce wannan girma.